Aljanu Ba Sa Sallama

Shekara goma sha bakwai na yi ɗaki ɗaya da mutumin da duk kwalejinmu ke kira Mai Mudu. Shi ne mai kula da babbar kwamfutar makarantar, wadda malamai da 'yan ofis da ɗalibai ke aiki a kanta gaba ɗaya, mu kuma muke ce mata Uwa. Ni ce mataimakiyarsa, ko da yake sai da na shekara biyar kafin bakinsa ya iya faɗin haka a gaban mutane. Kafin nan, in an tambaye shi, cewa yake yi wai ina taya shi zama.

Ɗakin namu yana ƙarƙashin ɗakin karatu. Sai ka sauka matakala goma sha ɗaya, ka wuce inda ake jibge karyayyun kujeru, sannan ka tarar da ƙofar ƙarfe mai makulli biyu. Taga ɗaya ce, can sama dab da rufi, kuma ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa, har na kai ina gane malamai da takalmansu. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin wani tsohon bokitin fenti da muke juyewa sau biyu a rana. Uwa tana gefe cikin kabad ɗinta, tana gurnani ba hutu. Shi kuma yana gabanta da rigar sanyinsa ruwan toka, wadda maiɗakinsa ta yi wa faci a gwiwar hannu har facin ma ya nemi faci.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Uwa ɗaya ce, masu ci a jikinta sun haura dubu uku. Ƙwaƙwalwarta tana da iyaka, ƙarfinta yana da iyaka, haka ma yawan fayil ɗin da za ta riƙe a buɗe lokaci guda. In ka sakar wa mutum ɗaya mara, shi kaɗai zai kwashe komai, sauran su zauna suna kallon allon da ya ƙi motsi. Don haka Mai Mudu yana da jeri a cikin Uwa, kowane layi da sunan mutum, da abin da aka auna masa, da adadinsa. Awon iri biyu ne. Akwai iyaka mai taushi, wadda mutum zai iya ɗagawa da kansa in aiki ya matsa, akwai kuma mai tauri, wadda ba mai taɓa ta sai wanda ya san babbar kalmar sirri. Kalmar nan a kansa take, ni kuma ya ba ni ita a rufe cikin ambulan don ɓacin rana.

Roƙo ba ya cin sa, barazana kuwa nishaɗi take ba shi. Na tuna wani farfesan lissafi da ya sauko da kansa yana huci, don an tsayar masa da wani aiki da ya kwana biyu yana danne kowa. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya jero mana digirorinsa da ƙasashen da ya samo su. Mai Mudu ya jawo masa kujera, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce ranka ya daɗe, shi dai ya ji, ya kuma yarda, matsalar ita ce Uwa ba ta yi boko ba. Ya ba shi safiyar Asabar, lokacin da ba cunkoso, ya ce ya ci iya cinsa. Farfesan ya fita yana ƙunƙuni, amma Asabar na yi sai ga takalmansa a taga.

Labarin ƙuruciyarsa kaɗan-kaɗan na tsinta, don ba mai yawan tone-tone ba ne. Shi ne ɗan fari cikin su takwas. Mahaifinsu maigadi ne a masana'antar bulo, kuma keke ɗaya ne a gidan, na zuwa makaranta da aike da komai. Da faɗa ya yi yawa a kan keken, shi ya zana jadawali da gawayi a bangon zaure, kowa da ranarsa da sa'arsa, ya sa kansa a ƙarshe don kada a ce ya yi son kai. Bai wuce sakandare ba. Ya shigo kwalejin ne a matsayin mai gyaran tafireta, kuma da aka kawo kwamfuta ta farko, turawan kamfanin da suka kafa ta suka tafi suka bar kwali biyu na littattafan bayani da ba wanda ya kula. Shi ya kwashe su, ya yi shekara biyu yana karantawa da ƙamus a gefe. Da kwamfutar ta fara ciwo, sai aka tarar mai tafireta ne kaɗai ya san inda ke mata zafi.

Ban da mutane, akwai wasu masu ci a jikin Uwa da ba a gani. Su ne manhajojin da ke aiki a bayan fage: mai kai wasiƙu, mai jera takardu a layin firinta, mai kwafe aikin kowa zuwa ma'aji, mai amsa tambayoyin ɗakin karatu. Ba wanda ke zama a gabansu. Da Uwa ta tashi suke tashi, su yi ta aikinsu shiru. Mai Mudu aljanu yake ce musu. Kowane aljani yana da nasa suna a cikin Uwa kamar kowane ma'aikaci, kuma nan tarkon yake.

A watana na biyu na faɗa ciki. Ya ce in auna wa aljanin firinta, don ya fara haɗama. Na buɗe jeri, na rubuta sunansa da adadi, sannan na shiga da sunan nasa na duba, na ga iyakar ta zauna daram. Na juyo ina jiran yabo. Ya tambaye ni yadda na gwada, na gaya masa, sai ya cire tabarau ya yi ta gogewa yana danne dariya. Ya ce jerin nan a bakin ƙofa yake. Ba a karanta wa kowa shi sai lokacin da ya yi sallama, wato ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa ya shigo. Ni da na ari sunan aljanin na bi ta ƙofa, dole a karanta mini.

"Shi kuwa aljanin, Malama, ba ya sallama," in ji shi. "A cikin gida yake farkawa. Yaushe ya ga jerinki?"

Kowane aljani yana da tasa takardar da Uwa ke dubawa in za ta tashe shi. A can ake rubuta masa iyaka, a kwantar da shi, a sake tashinsa, sannan a duba a jikinsa yana cikin aiki, a ga ainihin abin da aka ɗaura masa. Na yi rabin sa'a ina musu cewa tunda suna ɗaya ne, doka ɗaya ya kamata ta hau su. Ya ce abin da ya kamata daban, abin da ake ciki daban. Daga ranar ya raɗa mini Gardama, sunan ya bi ni har gidan mijina. Bayan ni, injiniyoyi nawa 'yan kamfani suka zo da kwat da laktaya suka faɗa ramin nan a gabanmu. Ba ya hana su. Sai sun gama sun rufe jaka, ya ce su ɗan dakata a gaisa da aljanin tukuna.

Na daɗe da wannan bayani ne don a gane abin da ya faru a shekararmu ta goma sha shida, da dalilin da ya sa har yau ban yafe wa kaina makantar da na yi ba. Alamu sun yi ta zuwa. Ya fara kiran bokiti da sunan abin nan, stafila ma abin nan, har Magatakardan kwalejin wata rana ya zama mutumin nan na sama. Yakan juye bokitin, bayan minti goma ya sake ɗauka ya fita da shi ba ko ɗigo a ciki. Sau biyu na tarar da makullansa a jikin ƙofa ya tafi gida. Ni kuwa da bakina, sai tsokana. Na ce masa tsufa ya yi sallama, shi ya kamata a auna wa. Yakan yi murmushi ya ce in jira nawa.

A shekarar kwalejin ta sayi wata sabuwar manhaja da ke karanta hotunan tsofaffin takardun sakamako tana mayar da su rubutu. Sabon aljani ne, mai ci kamar gara. Mai Mudu ya ce in bar masa, shi zai auna masa, bayan kwana biyu ya ce ya gama. Ban duba ba. Wa zai duba bayan Mai Mudu?

Ranar Litinin ta makon shigar da maki, wajen goma da rabi na safe, Uwa ta fara ja da ƙafa. Kafin in gama tambayar me ke faruwa, waya ta ɗauki ƙara. Sabon aljanin ya samu tulin hotuna ya yi ta haɗiya har ya cinye ƙwaƙwalwar Uwa kaf. Ita kuma in numfashi ya ƙare mata, ba ta tsayawa bin ba'asi, kashe wani take yi cikin manyan masu ci don ta samu sarari. Ta kashe rumbun da malamai ke zuba maki a ciki, ana tsakiyar rubutu. Na ɗaga kai na ga taga ta cika da ƙafafu. Na juya wurinsa, na gan shi zaune, hannuwansa biyu a saman madannai, bai taɓa ko ɗaya ba. Yana kallon allo kamar wanda aka miƙa wa wasiƙa cikin yaren da bai sani ba.

Na ture kujerata zuwa gefensa, na kwantar da aljanin, na tashi rumbun. Makin da aka shigar tun safe ya lalace, sai da malamai sittin da wani abu suka sake shigarwa daga takarda, suna tsine mana. Magatakarda ya sauko da kansa. Na tare shi a ƙofa na ce laifin sabuwar manhajar ce, 'yan kamfani sun sayar mana da abin da ba su gwada ba. Na faɗa da ƙarfi har ya ba ni haƙuri.

Da ƙura ta lafa na zauna na bi sawu. A takardar aljanin ba ko layi ɗaya. A jerin bakin ƙofa kuwa ga sunansa, ga adadi, ga kwanan wata da ɗan bayani, tsaf yadda Mai Mudu ke aikinsa. Littafin shige da fice na Uwa ya nuna ya ari sunan aljanin ya shiga ya duba, irin gwajin da ya yi mini dariya a kansa ina sabuwa. Da a nan abin ya tsaya, da na ce tuntuɓe ne. Amma layin sau uku yake a jerin, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, na ranar Talata, na Laraba, na Juma'a. Kowace rana ya zo ya yi aikin daga farko, ya gwada, ya gamsu, bai ga na jiya ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a ɗakin nan ba.

Na goge layukan, na rubuta iyakar inda ya dace, na sha alwashin ba mai ji daga bakina. Na manta cewa mutumin nan littafin shige da fice yake fara karantawa kowace safiya kafin ya cire hula. Washegari ya kira ni da sunana na gaskiya, abin da ya shekara bai yi ba, ya ce in dawo masa da jerin yadda yake kafin in taɓa. Na fara kame-kame. Ya ce Gardama, yau dai kada ki yi. Na dawo da shi. Ya daɗe yana kallo, yana bin layukan da yatsa a jikin allo.

"Sau uku," ya ce.

Sai ya gaya mini. Wata bakwai ke nan da likita ya faɗa masa sunan ciwon, ya ce ƙwaƙwalwa ce ke zubewa, a hankali, kuma ba ta dawowa. Maiɗakinsa ta sani, autarsu da ke aikin jinya ta sani. Ya ɗauka zai iya lallaɓawa har ya kai ritaya, saura wata goma sha huɗu. Ni maimakon tausayi sai faɗa ya zo mini. Na ce wata bakwai ina zaune kusa da shi ina yi masa ba'a, ya bar ni ina zuba kamar mahaukaciya, wace irin rowa ce wannan, har ciwo sai ya auna wa mutum abin da zai sani. Ya bar ni na gama. Ya ce ba'ar tawa ce kaɗai abin da bai canza masa ba a wata bakwai ɗin, shi ya sa ya yi shiru.

Daga nan ya koma Mai Mudun da na sani, ya jero abin da za a yi. In canza babbar kalmar sirri, kada in gaya masa. In cire sunansa daga masu iko, in sa shi a jeri kamar kowa, da iyaka mai tauri. Sannan in bi duk ƙananan aljanun da ya kafa da sunansa tsawon shekaru, in karɓe ikon da ke hannunsu, don rufe masa ƙofa kaɗai ba zai hana su ba. Ya yagi takarda ya rubuta duk wannan da hannunsa, ya rubuta dalili, ya sa hannu da kwanan wata, ya miƙo mini.

"Rana za ta zo da zan ce ki buɗe mini," in ji shi. "Zan yi faɗa, kin san halina. Kada ki buɗe."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce in ba ni ba sai wa, ko so nake a kawo ɗan kwat da laktaya ya yi masa. Na karɓi takardar na sa a aljihun ciki na jakata. Shi kuma ya hau matakala goma sha ɗayan nan ya je ya warware ƙaryar da na yi wa Magatakarda, ya ce 'yan kamfani ba su da laifi. Kwalejin ta yi masa mutunci, aka bar masa teburinsa har ritaya, a matsayin mai ba da shawara.

Kwana shida na yi ina bin aljanunsa, su arba'in da ɗaya. Wasu na san da su, kamar mai duba zafin ɗaki da mai share tarkacen fayil. Wani ban taɓa sani ba: duk Asabar yana ninka rabon ɗaliban da ke aiki a cikin mako suna karatu a ƙarshensa, Litinin da sassafe ya mayar yadda yake. Shekara goma sha ɗaya yana wannan, mutumin da ake cewa ba ya ƙari. Bakwai na ƙarshe kuwa duk sababbi ne, na cikin watannin nan, kuma ba abin da suke yi wa kwalejin. Shi suke yi wa aiki. Ɗaya yana fito masa da saƙo ƙarfe huɗu da minti ashirin: bas mai lamba goma sha huɗu, ka sauka a kantin magani mai koren ƙofa, hawa na uku, ƙofar hagu. Ɗaya na lokacin magani ne. Ɗaya kuma kowace safiya kafin in iso yake jero masa mutanen da zai gani. Ni ce ta farko. Ya rubuta sunana, sannan ya ce: mai tabarau, teburin kusa da ƙofa, 'ya'yanta uku, ba ta son a ce mata ta yi haƙuri, ta fi ka iya aikin yanzu, kada ka gaya mata.

Na hau har hawa na biyu na ɗakin karatu, na shiga banɗakin mata na kulle, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Da na dawo na karɓe ikon sauran, amma bakwai ɗin nan na bar su suna aiki. Na rubuta wa kowanne ɗan rabonsa a takardarsa, na kwantar, na tasa, na duba a jikinsu.

Watanni huɗu na farko sun yi daɗi, in za a iya kiran irin wannan daɗi. Yana faɗa ina rubutawa, muka haɗa littafin duk abin da ke kansa game da Uwa, tun kafin ya zube. Tsofaffin abubuwa suna nan garau, yana iya gaya mini dalilin wata waya da aka ja shekara ashirin da suka wuce. Na jiya ne ba ya zama.

Wata Laraba na ji yana buga madannai da ƙarfi. Ya gwada tsohuwar kalmar sirri sau uku, Uwa ta ƙi. Ya juyo ya tambaye ni ko na taɓa wani abu. Na ce an canza. Ya ce wa ya ba da izini. Na buɗe jaka na ba shi takardarsa. Ina kallonsa yana karantawa, na ga labarin ciwonsa ya zo masa sabo fil, kamar yau likita ya faɗa. Ya tambaye ni ko maiɗakinsa ta sani, ya ce kada in gaya wa auta, tana da jarrabawa, alhali auta ta gama makaranta shekara shida. Ya kife kai a tebur, dattijon da ban taɓa ganin hawayensa ba. Sai da na raka shi har tashar bas ranar.

Bayan kwana takwas ya sake gwada kalmar, ya sake juyowa, ya yi tambayar da muryar ranar nan, ba abin da ya rage masa na Larabar. Hannuna yana kan jaka. Na tuna yadda ya kife kai, na lissafa sau nawa zan riƙa yi masa wannan albishir kafin ritaya, na janye hannuna.

"Ni na canza, Malam," na ce.

Ya ce in ba shi. Na ce a'a. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano abin da ya daɗe yana zargi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ashe haka ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, komai yana zubewa daga kan mutumin nan ban da wannan. Ya manta sunan Magatakarda, ya manta inda ake juye bokiti, amma bai manta cewa matar da ya koya wa aiki ta ƙwace masa makulli ba. Ya daina ce mini Gardama, na koma Malama, ita ma sai dole. Ya rubuta ƙara zuwa sama, shafi biyu, ba kuskure ko na wasali. A ɗakin shan shayi yakan ja mutane gefe ya gaya musu. Duk sun san gaskiya, amma na ga wasu na yi mini wani irin kallo, don akwai masu jin daɗin a ce ga wadda ta ci amana ko da sun san ba haka ba ne. Da wani ne ba shi ba, da ya ji bakina. Na haɗiye.

Maiɗakinsa, wadda nake kira Yaya, ta zo har ɗakinmu wata rana bayan ya fita. Ta ce tana gaya masa a gida cewa shi ya nemi a rufe masa, amma gobe sai ya tashi da maganar ƙwace. Ta roƙe ni in riƙa nuna masa takardar, ko don mutuncina, tunda rubutunsa ba zai musa ba. Na ce Yaya, na nuna sau ɗaya, na ga abin da ta yi masa. In ya ɗauka an cuce shi, yana nan da ƙarfinsa, yana da wanda zai yi fushi da shi. In ya karanta takardar, ba shi da kowa sai ciwon. Ta ce to ke fa. Na ce ni ina da lafiya.

Ya yi ritaya. A ɗan taron da aka yi masa ya gode wa kowa har masu shara, ya tsallake ni. Bayan nan nakan je gidan duk wata, in hau bas mai lamba goma sha huɗu, in sauka a kantin magani. Yaya takan karɓe ni a falo. Shi in ya ji muryata sai ya juya kujerarsa ta fuskanci taga, ya bar ni da ƙeyarsa. Haka muka yi shekara biyu. Mijina ya ce in daina wahalar da kaina, na ce masa da ya koya mini ko abu ɗaya a duniya da sai ya yi magana.

Wata safiyar Asabar auta ta kira ni ta ce jikin Baba ya yi nauyi, in zan zo in zo. Na tarar an dawo da gadonsa falo kusa da taga, don ya daina iya tafiya har ɗaki. Ya rame, hannuwansa a kan bargo kamar ba nasa ba. A lokacin ko auta ba kullum yake ganewa ba. Na gaishe shi daga nesa kamar yadda na saba, ina jiran ya kau da kai. Sai ya ɗaga yatsa ya kira ni. Na matso na durƙusa a gefen gadon.

"Ke ce kika karɓe mini makulli," ya ce.

Na ce ni ce.

Ya ce ya daɗe yana tunani a kai. Kowa da abin da ke tura shi, ga 'ya'ya, ga rayuwa, wataƙila na ga ya daɗe bai tashi ya ba ni wuri ba. Yana magana yana hutawa. Ya ce abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don bai zata daga gare ni ba, amma ba ya son ya tafi da shi.

"Na yafe miki," in ji shi. "Duniya da lahira."

Jakata tana kan cinyata, takardar tana ciki. Yaya tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta toshe baki da mayafi, tana yi mini nuni da ido in fito da ita, ko yau kaɗai. Na dubi fuskarsa. Rabon da in ga ta sake haka tun kafin ciwon, fuskar mutumin da ya sauke wani babban kaya da kansa, yana kuma jin daɗin ya iya.

"Na gode, Malam," na ce. "Allah ya saka da alheri."

Ya ce wa Yaya ta ba baƙuwa kujera mana, magana ta wuce. Na zauna kusa da shi har azahar, ya yi barci hannunsa a kan nawa. Bayan kwana tara ya rasu, yana ganin cewa na cuce shi, shi kuma ya yafe.